Bayan Windows 10: Makomar Kwamfutocinmu Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta a Yulin 2015. A Turai da Amurka an shafe watanni ana cece-kuce a kan wannan rana. A nan kuwa, duk tsawon babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta gitta Maraɗi, ta bi Cadawa da Agye har Gazawa, ranar ta zo ta wuce ba wanda ya ga canji. Mai buga takardu a bakin ma'aikatar magajin gari ya kunna na'urarsa, ta tashi. Mai tura waƙoƙi da fina-finai a memori ya ci kasuwarsa. Sakataren lakwal ya ci gaba da shigar da makin ɗalibai. Shi ya sa da yawa suke tambaya, to ina matsalar take?

Matsalar tana nan, sai dai ba a allo ake ganinta ba. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda masu gyara ke kira sistem. Ita ce ke tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajojin aiki irin su Word da Excel. Manhaja mai girman Windows ba ta rasa kurakurai a rubutunta, kuma wasu kurakuran ƙofa ce ga ɓarawo. Don haka tun 2003 Microsoft ya ware Talata ta biyu a kowane wata yana sakin gyare-gyaren da ke toshe ɓarakar da aka gano. Wannan aikin ne aka daina yi wa Windows 10 kyauta. Kamar katangar ƙasa ce da aka daina yi wa yaɓe: ba za ta faɗi a daminar farko ba, amma kowace damina sai ta ci rabonta. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne Windows 10 da Windows 11 tushensu ɗaya. Duk watan da aka toshe wata ɓaraka a sabuwar, masu kutse sukan duba abin da aka gyara, su koma su nemi irinsa a tsohuwar, inda suka san ba mai zuwa ya toshe.

An ga abin da buɗaɗɗiyar ɓaraka ke jawowa ranar 12 ga Mayu 2017, lokacin da birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kimanin 150, yana neman fansar dala 300 a kan kowace. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan dubu 19. Amma ga abin da ya kamata mu riƙe daga labarin: gyaran wannan ɓaraka ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin, kuma akasarin na'urorin da abin ya ci Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana samun gyare-gyaren tsaro. Gyaran yana nan, masu na'urorin ne ba su sauke shi ba.

Wannan ya fi kama da halinmu fiye da duk wani zancen ranar 14 ga Oktoba. Wanda ya zaga shagunan buga takardu da ofisoshi a gundumomin Gidan Rumji da Agye da Gazawa zai tarar da Windows 7 tana nan daram, alhali tallafinta ya ƙare tun 14 ga Janairu 2020. Zai ci karo da Windows 8.1, wadda nata ya ƙare 10 ga Janairu 2023. A wani lungun ma har XP, da aka sallama tun 8 ga Afrilu 2014. Waɗanda ke kan Windows 10 ɗin ma, da yawa mai gyara ne ya zuba musu kwafin da ba na asali ba, kuma abu na farko da yake yi kafin ya miƙa na'urar shi ne kashe sabuntawa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Gyaran wata guda yakan ci ɗaruruwan mega, mai na'ura kuwa da wayarsa yake ba ta intanet. Da zarar ya haɗa, Windows ta shanye masa forfen mako a zama ɗaya, sai ya dawo shago da faɗa. Ga kuma kuran. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke samu daga Najeriya ta layin Katsina take shigowa, a Gazawa take sauka kafin a raba ta gabas da yamma, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris 2024. Kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar sabuntawa tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ganin haka sau ɗaya ba sai an ce masa ya kashe sabuntawa ba.

Ashe ke nan ga yawancin na'urorinmu tallafin ya daɗe da yankewa, da hannunmu muka yanke shi. Amfanin ranar da Microsoft ya sanya shi ne ta ba mu dalilin zama mu duba abin da muka daɗe muna kawar da kai daga gare shi.

Cutar da ta fi addabar kwamfuta a nan ba ta intanet take fara shigowa ba, ta filash ce, wato kile, da memorin waya. Kowa ya san birus ɗin nan da ke ɓoye takardu ya bar gajerun hanyoyi marasa komai a madadinsu. Daga shagon tura fina-finai yake hawa memori, ya sauka a kwamfutar mai buga takardu, gobe wani malami ya ɗauke shi a filash ɗin da ke ɗauke da tambayoyin jarrabawa. Illa ta biyu kuma a hankali take zuwa: sauran manhajoji suna bin sahun Microsoft su watsar da tsohuwar Windows. Chrome ya tsaya a lamba 109 ga masu Windows 7 da 8.1 tun farkon 2023, Firefox kuma a 115. Idan burauza ta tsufa, shafuka sukan fara ƙin buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatar lafiya ta Nijar, alal misali, tana tattara alƙaluman asibitoci ta tsarin DHIS2, wanda ta burauza ake shigarsa. Ranar da tsohuwar burauza ta kasa buɗe shafi irin wannan, aikin wata guda ne ya tsaya. Windows 10 ba ta kai nan ba tukuna, amma hanyar da 'yan uwanta suka bi ita za ta bi.

A ganina tambayar farko ba "wace Windows zan sa?" ba ce. Tambayar ita ce me ke cikin na'urar, kuma na wane ne. Kwamfutar da ke ɗauke da rajistar haihuwa, ko sunayen marasa lafiya, ko lissafin ƙungiyar manoman aya da gyaɗa, ko wadda ake aika kuɗi da ita, amanar mutane ce a ciki. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar HAPDP, kuma dokar ta ɗora wa mai riƙe da bayanan nauyin tsare su. Irin wannan na'ura, muddin tana hawa intanet, ba ta da uzurin zama kan manhajar da ba a gyarawa. Wadda kuwa aikinta buga takardar neman aiki da katin ɗaurin aure ne, hukuncinta daban.

Kafin a taɓa komai, a kwafe takardu. Kwafi biyu, ɗaya a faifan ajiya na waje wanda ake cirewa a adana a wani ɗaki dabam, kuma a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. Zafin bazara da ƙurar hunturu da tsalle-tsallen wuta sun kashe faifai a ƙasar nan fiye da yadda masu kutse suka taɓa yi, kuma takardun da suka salwanta a hannun mai gyara lokacin "fomatin" ba su da iyaka.

Daga nan sai a duba ko na'urar za ta ɗauki Windows 11, domin idan za ta ɗauka, kuma Windows 10 ɗin da ke kai ta asali ce, hawan kyauta ne. Sharuɗɗan su ne ram giga 4, ma'aji giga 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. A takaice, na'urorin da aka ƙera daga wajen 2018. Sharaɗin furosesa shi ne ke kayar da mafi yawan kwamfutocin hannu da ke kasuwanninmu. Gane shi ba wuya: a lambar da ke bin i3 ko i5 ko i7, a dubi adadin farko, ko adadi biyu na farko idan lambar ta fara da 1. Core i5-6300U zubi na shida ne, ba ta shiga. Core i5-8250U zubi na takwas ne, ta shiga. Sau da yawa kuma TPM ɗin yana nan a kashe ne kawai, mai gyara zai iya kunna shi a saitin farko na na'urar cikin minti biyu. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana faɗin abin da ya rage.

Masu gyara sun san yadda ake tsallake waɗannan sharuɗɗa da manhajar Rufus, a cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura. Tana tashi, tana aiki, kuma ban ga laifin wanda ya yi wa kwamfutar gidansa haka ba. Sai dai a san abin da aka saya. Microsoft ya ce bai yi alkawarin gyara ga irin waɗannan ba. Kowane zubi na Windows 11 wata 24 ne wa'adinsa ga mai amfanin gida, kuma na'urar da aka yi wa dabara ba ta hawa sabon zubi da kanta, sai an sake mayar da ita shago. Tsofaffi sosai, irin masu Core 2 Duo, zubin 24H2 ba ya ma tashi a kansu. Na'urar ofis mai ɗauke da bayanan jama'a bai kamata ta dogara da wannan ba.

Akwai kuma ƙarin wa'adi da Microsoft ke sayarwa, wanda ake kira ESU. Ga mutum ɗaya dala 30 ne, wajen jika 17 na sefa gwargwadon canji, kuma iyakar da aka sanar masa ita ce 13 ga Oktoba 2026. Ana samunsa kyauta idan mutum ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a adana saitinsa a can. Ga ma'aikatu dala 61 ne kowace na'ura a shekarar farko, ya ninka a ta biyu, ya sake ninkawa a ta uku. Makarantu an yi musu rangwame: dala 1, sai 2, sai 4. Amma sai Windows ɗin ta kasance ta asali kuma zubin ƙarshe, 22H2, wanda ake gani idan an rubuta winver a wurin bincike. Wannan sharaɗi kaɗai ya fitar da masu sha'awa da yawa, biyan kuɗi da katin banki kuma ya fitar da wasu. Ko ga wanda ya samu, jinkiri ne ya saya don ya shirya. A tuna kuma Office 2016 da 2019 su ma tallafinsu ya ƙare a rana ɗaya da Windows 10.

Hanyar da na fi ganin ta dace da aljihunmu, kuma aka fi yi wa rowar bayani, ita ce Linux. Babbar manhaja ce kyauta, wadda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, kuma duk mai wayar Android yana riƙe da jikarta a hannu, domin a kanta aka gina Android. Tana da iri-iri. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, tana fitar da zubi mai tallafin shekara biyar. Na Afrilun 2024 zai kai 2029. Linux Mint 22 ita ma 2029, kuma fuskarta ta yi kama da Windows 7 har wanda ya saba ba zai ɓata ba. Ga na'ura mai rauni akwai Lubuntu. Akwai Emmabuntüs, wadda wasu 'yan sa-kai a Faransa suka haɗa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar Emmaüs, kuma da ita aka buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun Togo. Dukansu suna magana da Faransanci, ga LibreOffice da ke buɗe takardun Word da Excel, ga Firefox sabo fil. Birus ɗin filash da ya hana mu sakat ba ya aiki a kansu. Wanda ke ganin abin wasan yara ne ya sani jandarmomin Faransa tun 2008 suka fara mayar da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu. Na'urar 2013 da aka sa wa faifan SSD da Linux Mint takan fi yadda take da sauri a ranar da aka saye ta.

Amma kada a yi wa kowa zaƙin baki. Manhajar lissafi irin Sage, da CorelDraw da Photoshop na masu hoto, da yawancin kayan aikin masu gyaran waya, Windows suke so. Takardar Word mai tebura da yawa takan ɗan karkace a LibreOffice, abin da zai iya ɓata wa mai buga takardu ciniki. Firinta ma sai an gwada: na HP galibi suna kamawa da kansu, amma Canon LBP 2900, wadda ta cika shagunanmu, tana ba da wahala. Sa'ar da aka yi, ana iya tayar da Linux daga filash a gwada firinta da rezo da sauti ba tare da an goge komai ba. Babban cikas ɗin a wurin mutane yake. Idan na'urar ta sami matsala a gari irin Gangara ko Cadakori, wa za a kai wa? Mai gyaran da bai san Linux ba zai ce ta lalace, ya zuba Windows 7, a koma gidan jiya. Shi ya sa ɗakin kwamfuta na lakwal, inda ake koyon rubutu da lissafi da binciken intanet, shi ne wurin da ya fi dacewa a fara, kuma da horar da malami ɗaya da mai gyara ɗaya a garin ake farawa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, tsakiyar waɗannan gundumomi, kuma ɗaliban da suka iya wannan aiki ba su da wuyar samu. Filash ɗaya mai giga 8 ya isa a sa wa kwamfutocin gari guda, ba sai kowa ya ƙona megansa ba.

Wanda dole sai tsohuwar Windows, saboda wata manhaja ko wata firinta, to ya raba ta da intanet kwata-kwata. Ba waya, ba wifi, ko na minti ɗaya "don a duba wani abu". Ya ware filash guda na shago, ya daina cusa na kowa. Ya yi aikin yau da kullum da asusu mara ikon shugaba, don birus ya rasa damar kafa kansa. Riga-kafin Defender zai ci gaba da samun sabbin bayanai a Windows 10 har 2028, amma riga-kafi yana kama ɓarawon da ya sani ne, ba ya toshe ɓaraka. Kuma kada a shiga asusun banki ko na aika kuɗi da irin wannan na'ura.

Akwai wani ɓangare na lamarin da ya fi shafarmu fiye da mutanen Turai. A ƙarshen 2023 kamfanin nazarin kasuwa Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda sharuɗɗan Windows 11. Mun san inda kayan da Turai ta gaji da su suke ƙarewa. Ta Lome da Legas za su sauka, su bi kasuwannin Kano, su ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa, a jera su a Maraɗi suna ƙyalli. Ba duka sharri ba ne. HP EliteBook 840 G3 ko ThinkPad T470 na'urori ne masu ƙwari, kuma da Linux za su yi wa ɗalibi shekaru. Sharrin shi ne a sayar wa mutum ita da tsadar sabuwa don ya ga tambarin Windows 11 a allo, alhali cusa ta aka yi. Mai saye ya buɗe bayanin na'urar ya karanta lambar furosesa da idonsa, ya yi ciniki a kan abin da ya gani. Wadda ta mutu murus kuma ba kaya ba ce, shara ce, kuma yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba Afirka. Batir da allon tsohuwar kwamfuta ba abin ƙonawa a bayan gari ba ne, balle a bar wa yara su farfasa.

Agye ta daɗe tana karɓar ayyukan raya karkara, irin PPILDA da asusun FIDA ya tallafa wa, kuma Gazawa da ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 ta sami sabbin ofisoshi da kayan aikinsu. Al'adar furoje a ko'ina ita ce idan ya ƙare ya miƙa motoci da babura da kwamfutoci ga hukuma ko ƙungiya. Babur kowa ya san yana son mai da juyen baƙin mai, ana sa masa kuɗi a kasafi. Kwamfuta kuwa sai a rubuta ta a rajistar kaya a manta, har ranar da ta ƙi tashi. Ya kamata duk wanda zai karɓi kyautar kwamfuta ya tambayi abu biyu: yaushe tallafin manhajarta zai ƙare, kuma ina takardar lasisinta. Duk wanda zai yi odar sabbi kuma ya rubuta wannan a sharuɗɗan kwangila, don kada ɗan kwangila ya kawo zubi na shida a kwali sabo.

Wayoyi ma haka abin yake, sai dai su an fi saurin ji a jika. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0, kuma zai ci gaba da ɗaga wannan iyaka. Mai sayen tsohuwar waya ya duba lambar Android kafin ya duba kyamara.

Kirana ga magadan gari, da shugabannin makarantu da asibitoci, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma daga Gidan Rumji zuwa Gazawa shi ne a ware yini guda a ƙirga kwamfutocin da ke ofis, a rubuta a takarda wace manhaja ke kan kowace, wane bayani take ɗauke da shi, ko tana hawa intanet. Wadda ta cancanci Windows 11 a hau da ita, wadda ba ta cancanta ba a sa mata Linux ko a cire ta daga intanet, a kuma sa kuɗin sauya masu ɗauke da bayanan jama'a a kasafin baɗi. Masu gyara kuma, ku da mutane suka yarda da maganarku, ku daina kashe sabuntawa ba tare da kun gaya wa mai na'ura abin da ya rasa ba. Ranar da aka sanar don ƙarewar ƙarin wa'adin masu amfanin gida ita ce 13 ga Oktoba 2026.